Sabon Zaki, Sabon Keji, ko Kuɗin Nama: Ina Kuɗin Gidan Namun Daji Ya Kamata Ya Fara Shiga?

Da hutun ƙaramar Sallah na kai yarana wani gidan namun daji, muka daɗe a gaban kejin wata kura. Takan yi taku shida zuwa bango, ta karkata kai, ta juyo, ta yi taku shida, ta sake karkata kai. Inda take takawa simintin har ya yi santsi ya sauya launi. Ƙaramar 'yata ta ja mini riga ta ce, "Baba, me take nema?" Ban iya ba ta amsa ba. Da muka zo fita sai na ji wani ma'aikaci yana shaida wa baƙi cewa in Allah ya kai mu baɗi za a kawo sababbin dabbobi, an riga an sa a kasafi.

Tun ranar nake juya maganar. Duk lokacin da kuɗi ya samu ga irin wannan gida, ko daga gwamnatin jiha, ko daga banki, ko daga wani attajiri mai son yin abin alheri, hanyoyi uku ne ke gaban masu yanke shawara. Ko a sayo sabuwar dabba, ko a yi gini, ko a zuba kuɗin cikin kulawar yau da kullum, wato abinci da magani da ma'aikata. Kuɗin ba ya isa a yi ukun gaba ɗaya yadda ya kamata. Wannan rubutu na manajan gidan ne, da kwamishina, da ɗan majalisar da ke kwamitin kasafi, da mai bayar da gudummawa, har da mai sayen tikiti, domin shi ma da kuɗinsa ake tafiyar da wurin.

Mudun da za a auna da shi

Tsohon mudu ya samo asali ne daga rahoton kwamitin Brambell a Ingila a 1965, aka tsara shi sosai a 1979. Ya ce a raba dabba da yunwa da ƙishirwa, da takura, da ciwo, da tsoro, a kuma bar ta ta yi ɗabi'arta. Don kaji da shanun gona aka yi shi, kuma ya yi amfani ƙwarai. Giɓinsa shi ne ya fi mai da hankali kan cire wahala. To amma dabba na iya ƙoshi, ba rauni a jikinta, rayuwarta kuma fayau, ba abin yi daga safe har dare. A 1994 David Mellor da abokin aikinsa Reid suka fito da wani tsari a Niyu Zilan mai fannoni biyar: abinci, muhalli, lafiyar jiki, ɗabi'a da mu'amala, sai na biyar wanda sauran huɗun ke haifarwa, wato abin da dabbar ke ji a ranta, na daɗi da na wuya. Ƙungiyar gidajen namun daji ta duniya, WAZA, ta ɗauki wannan tsari a 2015, kuma da shi gidaje da dama ke auna kansu yanzu.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Bafulatanin da ya tashi cikin shanu ba ya auna lafiyar saniya da yawan dusar da aka zuba mata. Yana duba tuƙarta, da kashinta, da sheƙin gashinta, da ko ta ware daga garke. Tambayoyi iri biyu ke nan: me aka ba dabba, da kuma yaya dabbar take. Amsar ta farko tana cikin fayil a ofis. Ta biyu sai an tsaya a gaban keji. Da ta biyun zan auna hanyoyin nan.

Sai dai tsayuwa a gaban keji na buƙatar sani. Zaki a daji yakan kwashe har awa 20 a rana yana hutawa, don haka ganinsa kwance ba alamar damuwa ba ce. Wanda ke safa da marwa a layi ɗaya, kamar kurar nan, shi ne abin dubawa. Haka giwar da ke tsaye wuri ɗaya tana rangaji, da birin da ke tsige gashin jikinsa, da raƙumin dawan da ke lasar ƙarfe ba tsayawa, da akun da ya fige ƙirjinsa. Masana ɗabi'ar dabbobi sun daɗe da gane cewa irin wannan maimaici na fitowa ne inda dabba ke da wata buƙata mai ƙarfi da aka toshe mata hanyar biya.

Sayo sabuwar dabba

Dole a yi wa wannan hanya adalci, domin tana da hujja. Mutane zaki da giwa da raƙumin dawa suke biyan kuɗi su gani. Gidan da ba shi da su yana rasa baƙi, in baƙi suka ragu kuɗin ƙofa ya ragu, sauran dabbobin ma su ji a jikinsu. Akwai kuma lokacin da kawo dabba shi ne maganin. Biri ko giwa ko jakin dawa da ya rage shi kaɗai bayan mutuwar abokin zamansa yana cikin ƙunci da abinci ba ya yaye shi. Garken da ya daɗe yana barbara tsakanin uwa da ɗa, wa da ƙanwa, yana buƙatar sabon jini. Sannan akwai kiwo don ceton iri. Mariri mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa an ayyana ya ƙare a daji a shekarar 2000, amma da yake an adana shi a gidajen kiwo, tun 2016 aka fara mayar da shi gandun Wadi Rime da Wadi Ashim a Chadi daga garken da ke Abu Dhabi, ya hayayyafa, har a ƙarshen 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. A Kelle ta jihar Damagaram ma ana kiwon jiminar yankin Sahel da irin wannan manufa.

Waɗannan su ne lokutan da sayen ke da ma'ana. A sauran lokuta, lissafin da ake yi a ofis na kuɗin saye da jigila ne kawai, alhali ranar da dabbar ta iso ranar bashin ke farawa. Babban zaki yana buƙatar nama kimanin kilo 5 zuwa 7 a rana idan aka daidaita. A ɗauki kilo 6, a shekara ya haura tan biyu, kuma zaki a tsare yakan kai shekara 20. Giwa babba tana cin abin da ya kai kilo 150 na ganye da ciyawa a yini, ta sha ruwa fiye da lita 100, kuma tana iya haura shekara 60. Gwamnan da ya sa hannu a sayo ta zai sauka, na bayansa ma ya sauka, tana nan tana jiran harawa.

Akwai kuma dabbobin da tsarewa ba ta karɓe su ba ko da kuɗi. A 2003 Ros Clubb da Georgia Mason na jami'ar Oksfod suka kwatanta namun daji masu cin nama da ke tsare, suka gano cewa waɗanda a daji suke yawo mai nisa su suka fi yin safa da marwa a keji, kuma 'ya'yansu sun fi mutuwa. Farin beyar na yankin ƙanƙara ne ya fi shan wuya, zaki ma yana cikin jerin. A 2008 wani binciken da su biyun ke ciki ya nuna cewa giwayen Afirka mata da aka haifa a gidajen namun daji na Turai tsaka-tsakin shekarunsu bai kai 17 ba, alhali na gandun Amboseli a Kenya, in aka cire waɗanda mutane suka kashe, ya kai 56. Gidajen Turai ke nan, masu likitoci da wutar da ba ta ɗaukewa.

Tambayar da ta fi damuna ita ce daga ina dabbar ta fito. Jaririn cimfanzi, wato babban birin nan mai kama da mutum, ba ya barin jikin uwarsa, don haka wanda aka kawo a kwali ana tallarsa kusan kullum an kashe uwar ne. Irin cimfanzin da ke Gashaka Gumti da kan iyakar Kamaru shi ne mafi ƙaranci a duniya. Yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wadda Najeriya da Nijar ke ciki, ta hana cinikin irinsu da aka kamo daga daji, amma takardun bogi sun sha ratsa ta. A 2002 an fitar da ƙananan gorila huɗu daga Najeriya zuwa gidan namun daji na Taiping a Malesiya da takardun da suka ce a tsare aka haife su, daga baya ta bayyana daga daji aka kamo su. Sai a 2007 aka mayar da su cibiyar Limbe a Kamaru, bayan sun biya ta Afirka ta Kudu. Duk gidan da ya sayi dabba ba tare da bin asalinta ba, kuɗinsa na iya zama ladan mafarauci, ya koma daji ya sake. Zakin Afirka ta Yamma kuwa, binciken da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta saura kusan 400, mafi yawa a gandayen da suka haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, 'yan kaɗan a Yankari da Kainji. Ba su da rarar da za a ɗiba.

Gini: aiki biyu ne da ake kira da suna ɗaya

In aka ce gyaran gidan namun daji, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne babbar kwangila: sabuwar ƙofar shiga, fenti, daɓen tayil, katafaren keji mai gilashi. Tun 1907 da Carl Hagenbeck ya buɗe gidansa a Hambag ta Jamus, inda ya maye sandunan ƙarfe da ramuka da duwatsu, ake ta gina wuraren da ke burge mai kallo. Daga baya Heini Hediger, wanda ya shugabanci gidajen Basel da Zurik a Suwizalan, ya ja hankali cewa ingancin wuri a wajen dabba ya fi faɗinsa muhimmanci, kuma abin da ke yi wa mutum kyau ba lallai ya yi wa dabba amfani ba. Binciken da aka wallafa a 2016 kan giwaye fiye da 250 a gidaje 68 na Arewacin Amurka ya ƙarfafa maganarsa. Girman fili shi kaɗai bai bayyana bambancin lafiyarsu ba. Abin da ya yi tasiri shi ne zama da 'yan'uwa, da yawan hanyoyin ba da abinci, da irin ƙasar da suke takawa, domin masu daɗewa kan daɓe mai tauri sun fi fama da ciwon ƙafa da gaɓoɓi. Kada a ɗauki wannan a matsayin izinin ƙaramin keji. Gidajen da aka bincika duk suna da fili gwargwado. Kejin da zaki ba zai iya gudu a cikinsa ba ya gaza tun kafin a zo maganar inganci.

Babban gini yana da wata matsalar a ƙasarmu: ana kwafo zanen da aka yi don wani yanayi. Gilashi a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 yana mai da ɗaki tanda, ƙurar hunturu kuma ta rufe shi. Ramin ruwa da ke kewaye da fili yana buƙatar famfo da wuta, in babu ya zama matattarar sauro, kuma cimfanzi bai iya iyo ba, ya faɗa sai nutsewa. Rufin kwano ba silin ya ishi dabba azaba da tsakar rana.

Aiki na biyu shi ne ƙananan gyare-gyare, kuma a nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. A fasa siminti a zuba yashi da ƙasa. A yi rumfa ta zana ko a dasa bishiya, a tabbatar akwai inuwa a kowace sa'a ta yini. A sa gungumen itace don damisa ta hau ta kuma wasa farce. A yi kududdufi mai magudana don mugun dawa da kura. A kafa shinge ko tudu da dabba za ta ɓuya bayansa. Wannan na ƙarshen manajoji ba sa sonsa, don suna tsoron baƙi su ce ba su ga komai ba. Amma duk wanda ya shiga gidan zu ranar Sallah ya san irin cunkoso da ihu da jifan da dabbobi ke sha. Dabbar da ta san tana da wurin ɓuya ta fi sakin jiki ta fito fili da kanta.

Akwai gyara ɗaya da na sa gaba da duk sauran: ɗakin kulle mai ƙofar zamiya da ake ja daga waje, yadda ma'aikaci ba zai taɓa zama wuri ɗaya da zaki ba lokacin shara ko ba da abinci. A Disamban 2015 zaki ya kuɓuce a gandun namun daji na Jos, aka harbe shi. A Oktoban 2019 wani ya kuɓuce a gidan zu na Kano lokacin da ake ƙoƙarin mayar da shi kejinsa, aka kwashe kusan kwana biyu kafin a shawo kansa. A 2024 zakuna sun kashe masu kula da su har sau biyu, a jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife a Fabrairu, da Abekuta a Satumba, duka a lokacin ba da abinci, kuma duka zakunan an kashe su. Ran ɗan Adam da na dabba sun rataya a kan ƙofa da sakata da dokar da ake bi kullum. Ma'aikacin da ke tsoron shiga keji kuma ba zai share shi yadda ya kamata ba, don haka tsaro da tsafta tafiyarsu ɗaya.

Kulawar yau da kullum

Wannan ita ce hanyar da ba a yanka mata kintinkiri, ba a gayyato 'yan jarida. A ganina kuma ita ce ta fi taɓa dabba kai tsaye, don ta shafi fannoni huɗu cikin biyar ɗin nan a kowace wayewar gari.

A fara da abinci. A Janairun 2020 duniya ta ga hotunan zakunan lambun Kurashi a Khartum, ƙasusuwansu a waje, wata zakanya ta mutu kafin agaji ya iso. Kejinsu na nan, ƙofofinsu na nan, kuɗin nama ne ya yanke. Ƙoshi kuma ba shi ne ƙarshen magana ba. Zakin da ake ba tsoka zalla ba ƙashi yana rasa sinadarin kalsiyam, 'ya'yansa su taso da ƙafafu a lanƙwashe, ƙashinsu na karyewa cikin sauƙi. Tun shekarun 1880 likita John Bland-Sutton ya magance wannan a gidan namun daji na Landan da garin ƙashi da man hantar kifi. Gawar akuya da fatarta da ƙashinta da kayan cikinta, in likita ya duba ta, ta fi yankakken nama amfani, kuma tana ba zaki aikin sa'o'i. Birai kuma an saba cika su da ayaba da burodi, alhali ayabar gona ta fi 'ya'yan itacen daji zaƙi nesa ba kusa ba. Gidan Paignton a Ingila ya daina ba biransa ayaba, ya koma ganye da kayan lambu, saboda ƙiba da ruɓewar haƙori. Raƙumin dawa ganyen bishiya yake ci a tsaye, irin su gawo da bagaruwa, kamar yadda ake ganin na Kure kusa da Yamai suna yi. In aka zuba masa dusa a kwano ya cinye cikin minti kaɗan, sauran yinin sai lasar ƙarfe.

Yadda ake ba da abincin ma magani ne. Giwa a daji tana shafe kusan awa 16 tana kiwo. Biri yana yini yana tono da ɓare-ɓare. A watsa gyaɗa cikin ciyawa, a cusa abinci cikin gora ko ramin gungume, a rataye reshe a sama, a binne ƙashi cikin yashi, a daskarar da jini a ba zaki da zafin rana, a riƙa sauya lokaci da wuri. Duk wannan kusan kyauta ne. Bincike ya nuna yana rage safa da marwa sosai, ko da yake ba kasafai yake kawar da ita ɗungurungum ba a dabbar da ta daɗe da sabawa. Abin da yake ci shi ne lokacin ma'aikaci da kulawarsa.

Shi ya sa ma'aikaci ne ginshiƙin wannan hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ya shekara goma yana share kejin damisa ya san ranar da ba ta da daɗi tun kafin likita ya sani. In albashinsa na zuwa a kan kari, yana da takalmin roba da safar hannu, an horar da shi, ana kuma sauraronsa, ya fi kowace na'ura. Da horo zai iya koya wa dabba ta hau sikeli, ta buɗe baki, ta miƙo ƙafa ko wutsiya ta tsakanin sanduna a ɗebi jini, ana ba ta lada da abinci, ba duka ba tsawa. Hakan na rage yawan sa wa dabba allurar barci, wadda ke da tsada da haɗari.

Sai littafi. Kowace dabba ta sami shafinta: abin da ta ci, yanayin kashinta, makin ƙiba ko rama daga 1 zuwa 5, rauni, haihuwa, mutuwa da dalilinta bayan likita ya buɗe gawar. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai ido yana mantuwa, yana kuma sabawa da abin da yake gani kullum. Zakin da ke ramewa a hankali cikin wata shida, mai ganinsa kullum ba zai lura ba, hoton da aka ɗauka duk wata da wayar hannu zai nuna.

Raunin wannan hanya a bayyane yake. Kuɗin yau da kullum shi ne mafi sauƙin karkatarwa, don naman da ba a saya ba ba ya barin shaida. Shi ne kuma farkon abin da ake yankewa in kasafi ya makara. Ranar da ya tsaya, amfaninsa ya tsaya, alhali rumfa tana nan ko bayan shekara biyar. Kuma komai kyan abinci ba zai faɗaɗa kejin da ya yi kaɗan ba. Maganin rauni na farko shi ne a ware wani kaso na kuɗin ƙofa a asusu na musamman na abinci da magani, a sa sikeli a ɗakin yanka, mutum biyu su sa hannu kan abin da ya shigo, a kuma yarda wani daga waje, kamar malaman tsangayar likitancin dabbobi ta Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, ya riƙa zuwa dubawa. Ƙungiyar gidajen namun daji ta Afirka, PAAZA, tana da ma'aunin da take tantance mambobinta da shi, ana iya aro shi ko ba a shiga ba.

Ga mai tunanin ƙara tankunan kifi na kallo, maganar gajera ce, kuma masu kiwon tarwada sun riga sun san ta. Kifi yana zaune ne cikin abin da yake fitarwa. In matatar ruwa da injin iska suka tsaya, gubar amoniya ta taru, iska ta ƙare, a wayi gari kifaye sun taso ciki sama. Sabon tanki kuma yana buƙatar makonni kafin ƙwayoyin da ke cinye gubar su kafu. Wanda bai tanadi sola ko janareto da kayan gwajin ruwa ba, kada ya sayi kifi ko ɗaya.

Hanyar da ba a cika sa wa a takarda ba

Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka azabtar saboda kyanwa ya ambaci laifi biyu: ta tsare ta ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya kasa ciyarwa, hanyar saki tana nan a buɗe gare shi. Gidajen da suka fi namu kuɗi sun bi wannan hanya. Gidan namun daji na Landan ya kwashe giwayensa zuwa gandunsa na Whipsnade mai faɗin fili a bayan gari a 2001. Detroit a Amurka ta sallami giwayenta biyu zuwa wata mafaka a Kalifoniya a 2005, ta ce sanyin garin da ƙarancin fili ba su dace da su ba. A Pakistan, babbar kotun Islamabad ce ta yanke hukunci a 2020 kan toron giwa Kaavan, wanda ya zauna shi kaɗai tun mutuwar abokiyar zamansa a 2012, alƙalin ya kafa hujja har da koyarwar Musulunci kan haƙƙin dabbobi, aka ɗauke shi a jirgi zuwa Kambodiya.

Saki a nan ba buɗe ƙofa a kora dabba daji ba ne. Zakin da aka haifa a keji bai iya farauta ba, ya saba da mutane, galibi ba a san asalin jininsa ba, kai shi Yankari haɗari ne gare shi da makiyaya da zakunan da suka rage. Abin nufi shi ne a miƙa dabba ga inda za a fi riƙe ta, kamar yadda cibiyar Pandrillus a Kalaba ke karɓar cimfanzin da aka ƙwato, ko a haɗa biyu da ke zaune a kaɗaice a gidaje daban-daban, ko a daina barin wasu suna haihuwa, ko in tsohuwa ta mutu a bar gurbinta. Gida mai nau'i 25 da ake riƙe da kyau, mafi yawansu na yankinmu da suka saba da zafinmu, irin su barewa da gada da gwanki da jimina da gauraka da kada da kunkuru da beguwa, ya fi gida mai nau'i 60 da rabinsu ke rame. Kejin da aka bari fanko kuma ana iya fasa bangonsa a haɗe shi da na maƙwabci, fili ya ninka ba tare da sabon gini ba.

Da ni ke riƙe da alƙalamin, ga yadda zan bi. Kafin a kashe ko sisi, a yi wata guda ana auna kowace dabba. Kuɗin farko ya tafi ga abinci da ruwa da magani da albashi na shekara cur, a kulle shi. Na biyu ga ƙofofin kulle da inuwa da fasa siminti. Babban gini ya biyo baya, ga dabbar da awon ya nuna kejinta ne matsalar, kuma a zana shi tare da masu kula da ita. Sayen sabuwa ya zo ƙarshe, bisa sharuɗɗa huɗu: akwai wadda ke buƙatar abokin zama ko shirin kiwo na gaskiya, an san asalinta da takardu ingantattu, akwai wurin killace ta wata guda kafin a haɗa ta da sauran, kuma an rubuta inda kuɗin cinta zai fito har ƙarshen rayuwarta. Mai bayar da gudummawa ma ya tambaya kafin ya ba da: ina littafin dabbobi, nawa suka mutu bara, me ya kashe su. Gidan da ya iya amsa waɗannan ya cancanci a ba shi.

Kurar da muka gani mai dabbare-dabbare ce, irin da ke zama cikin dangi mai yawa ƙarƙashin jagorancin mata, tana yawon kilomitoci da dare, tana son ruwa, haƙoranta kuma na fasa ƙashi ne. Sayaki, wato kura mai zane-zane, shi ya fi jure kaɗaici. Abin da za a fara yi mata bai wuce tifa ɗaya ta yashi ba, da rabin duro na ruwa, da rumfa, da ƙasusuwan da mahauta ke zubarwa a binne mata a wurare daban-daban da yamma. Kafin a fara, ma'aikaci ya tsaya minti goma sau uku a rana na mako guda, ya ƙirga sau nawa take kai-komo, ya rubuta. Bayan wata guda a sake ƙirgawa a lokutan nan dai. In adadin ya sauka, a ci gaba a ƙara dabaru. In bai motsa ba, sai a koma maganar faɗin kejin, a kuma fara tambayar wane gida ne ke da wata kurar da ke zaune ita kaɗai.